Maigandi da Ɗanyar Madara

Maigandi ƙanena ne, uba ɗaya, uwa kowa da tasa. Duk wanda ya san shi a Birnin Kebbi zai ce maka direba ne mai haƙuri, ba ya gudu da mota, ba ya ɗaga murya. Ni da na goya shi na san ba haƙuri ba ne, tsoro ne ya rene shi. Sunana Riskuwa, bandar kifi nake yi a Argungu, kuma in na fara magana ba na son a katse ni.

Babanmu Hammadu masunci ne, ƙato, mai ci, mai dariyar da ake ji daga hayin ruwa. Uwata Adama Bafillata ce daga wata ruga bayan Augie. Ta rasu ina ƙarama, sai Baba ya auro uwar Maigandi, Bakaba irinsa, ita ta ƙarasa renona, Allah Ya jiƙanta. Amma duk damina kawunnena sukan zo su ɗauke ni zuwa ruga. Can na saba da madara sabuwar tatsa, da ɗuminta da kumfarta, in kafa kai a ƙwarya ba na ɗagowa sai na ga gindinta.

Maigandi bai fara gemu ba Baba ya soma ramewa. Ci yake yi kamar da, har ya fi, amma jiki na zubewa. Ruwa kuwa, sai ya shanye buta ya nemi ƙari. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta fara lura da kiyashi sun yi baƙi a inda yake fitsari bayan danga. Ta riƙe baki ta ce, "Wanga ciwon sukari ne." Ba mu san nauyin maganar ba sai da ƙayar kifin ƙurungu ta soke shi a tafin ƙafa. Abin da masunci ke cirewa da haƙori ya ci gaba da aikinsa, shi ya ƙi warkewa. Ya yi ruwa, ya yi wari, yatsu suka yi baƙi. Aka kai shi asibiti a Sakkwato aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ba wani babban namiji a wurin ranar, sai Maigandi. Shi aka miƙa wa ƙafar a naɗe cikin zane aka ce ya kai maƙabarta a rufe. Ya tafi, ya dawo, bai yi kuka ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Yaya, tana da nauyi." Baba bai ga damina ta gaba ba. Bayan shi ƙanensa Malami ya makance da ciwon nan, shi ma ya bi shi. Daga nan mutanen unguwa suka raɗa wa abin suna, ciwon gidan Hammadu, suna cewa jini yake bi, sai ya ɗauki wani a cikin ɗiyansa. Mu biyu ne ɗiyan nasa da suka rayu.

Maigandi bai ƙara shiga ruwa ba. Ɗan masunci, jikan masunci, ya ajiye homa da gora na kamun kifi ya tafi Sakkwato koyon mota, don a mota ba ƙayar kifi. Ko zafin bazara ba ya raba shi da takalmi rufaffe. Da aka ba mu jiharmu ta Kebbi aka kwaso ma'aikata zuwa Birnin Kebbi, da shi aka zo, yana tuƙa wani babba a wata ma'aikata. Ya kama ɗaki a unguwar Maƙerar Gandu, ya auri Sharifa, yarinya mai hankali wadda ba ta san abin da ta aura ba. Ita ta gaya mini cewa kullum da safe sai ya zagaya bayan ɗaki ya yi fitsari a ƙasa, ya tsuguna yana jiran kiyashi. In ɗaya ya gitta ta wurin, ko da hanyarsa ce kawai ta biyo, ranar ba ya karyawa.

Na zage shi a kan wannan ba sau ɗaya ba. Na ce, "Kai, namiji da mata, ka zauna gadin fitsari? Kiyashin Birni ba su da aiki sai naka?" Sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin mutum mai jin zagi ya ƙi barin hali irinsa ba.

Maganar madara ta samo asali ne daga wani suna da aka yi a rugarmu. Ya samu hutu, ya ari motar abokinsa ya kai ni. Ina can cikin mata, shi kuwa yana zaune da tsofaffi yana ƙare musu kallo. Akwai wan kakana, wanda ba wanda ya san shekarunsa, siriri, ido garau, ya dawo daga kiwo da ƙafafunsa biyu. Maigandi ya tambaye su ko akwai wanda ya taɓa yin ciwon sukari a cikinsu. Suka dubi juna suka ce ba su san shi ba. Ana nan aka kawo sabuwar tatsa, ya ga tsofaffi sun sha, yara sun sha, ni ma an kira ni na kwankwaɗi tawa. Shi ya ce a ba shi kindirmo, don ya san cikinsa. Irin yawancin mutanenmu na gari, fura da nono ba sa yi masa komai, amma ɗanyar madara tun yana yaro in ya sha sai ciki ya juya.

Muka kamo hanyar dawowa har muka hango Argungu. Ya rage gudu ya ce, "Yaya, na gano. Ke kin tsira."

Na ce, "Daga mi?"

"Daga ciwon Baba. Duk wanda cikinsa ke karɓar ɗanyar madara, sukari ba ya kama shi. Dubi mutanenku. Ke jinin Inna Adama ya tsare ki. Ni ne ya rage."

Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Ni ma na ga ƙafar nan, ni ma na wanke gyambon nan, kuma duk bakina akwai abin da ke tsaye mini a ƙirji tun rasuwar Baba. Sai na yi dariya na ce, "To ai ka ji. Mu Fulani ba a taɓa mu." Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ciki ai kamar mota ne, abin da aka saba masa shi yake ɗauka. Ban kula ba, ina gyara ɗaurin kallabina.

Ashe yana komawa Birni ya nemi wata Bafillata mai tallan nono, ya roƙe ta ta riƙa kawo masa sabuwar tatsa kullum da safe, kafin ta zuba mata tsami. Sharifa ta tafasa, ta huce, ya rufe ido ya shanye ƙwarya guda. Kafin hantsi ciki ya fara ƙugi, ya kumbura, sai murɗa, sai zawo. Ya ce alamar gyara ce, datti ne ke fita. Washegari ya ƙara. Sau nawa yana tuƙa ogansa zuwa Jega ko Yawuri yana neman izini ya tsaya ya faɗa daji, har mutumin ya fara tambaya ko a nemo wani direba. Bai fasa ba.

To mutumin da ke zawo kullum, mi zai same shi? Ya rame, ya riƙa jin ƙishirwa. Rama da ƙishirwa kuwa su ne farkon abin da ya gani a jikin Baba. Sai ya ce shi ke nan, ciwo ya iso, madarar ce ta yi kaɗan. Ya mayar da ita safe da yamma. Ya ji an ce shinkafa da tuwo sukari ne, ya bar su. Da madarar ta ƙaru zawo ya ƙaru, da zawo ya ƙaru rama ta ƙaru, shi kuma ya ƙara madara. Kiyashin da bai gani a fitsarinsa ba ma bai kwantar masa da hankali ba, cewa ya yi ruwan da yake sha ne ya tsinka zaƙin.

Ina tsakiyar juya kifi a kan waya sai ga Sharifa tsaye a ƙofar gida, ita kaɗai, ba saƙo, ba sanarwa. Ta durƙusa ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, ki zo ki ga ƙanenki. Ya sa kafinta ya yi masa sandar guragu, tana ƙarƙashin gado."

Na bar wa maƙwabciya wutar na bi ta. Muka same shi zaune a tabarma ya jingina da bango. Innalillahi! Wuya ya fito, ido ya faɗa, agogo yana yawo a hannunsa. Zaman ma irin na Baba ne, ƙafa ɗaya a miƙe, yana shafa ta. Na yi niyyar zagi, zagin ya maƙale. Tsoro ne ya kama ni, don ni ma na yarda ciwon ya zo.

Na ce, "Tashi mu tafi asibiti."

Ya ce, "Yaya, da ƙafa biyu Baba ya shiga."

"Sai ka zauna nan ka ruɓe?"

"Ki bar ni in ƙara kwana biyu da madarar. Jiya murɗar ta yi sauƙi."

Nan bakina ya buɗe. Na jawo sandar daga ƙarƙashin gado, sabuwa fil, har an naɗe mata tsumma a inda hammata ke zama. Na ce, "Ka ga wagga? Ko ka tashi da ƙafarka, ko in karya ta a bayanka a kai ka a kwance. Ni na goya ka, ni zan rufe ka? Ba ka isa ba!" Sharifa ta riƙe ni tana ba ni haƙuri. Shi kuwa ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "In sun ce za su yanke, ke za ki ɗauka?" Na ce ni zan ɗauka, kuma ba inda zan matsa daga gefensa. Da wannan ya yarda.

Da sassafe muka je, muka tarar da layi. Muka zauna a benci har rana ta take. Maigandi yana ta jan carbi. Ni kuwa na shanye gorar ruwan da muka zo da ita, na aiki Sharifa ta cika, na sake shanyewa, na yi ta zirga-zirga zuwa bayi. Ana kiran sunansa na riga shi shiga.

Likitan matashi ne, Nu'uman sunansa, ba ya gaggawa. Ya bar Maigandi ya faɗi komai, tun daga ƙayar ƙurungu har zuwa rugar kawunnena. Ya duba ƙafafunsa, ya duba idonsa, ya sa aka kawo fitsarinsa a kwalba, ya tsoma wani ɗan siririn tsinken takarda a ciki. Ya ce in akwai sukari launin zai sauya. Mu uku muka zuba wa tsinken ido, ina jin numfashin Maigandi. Launin bai sauya ba. Aka ɗebi jininsa ma, muka jira, sakamako ya dawo, babu.

Maigandi ya ce, "Likita, to ramar fa?"

Likita ya ce, "Madarar ce, Malam Maigandi. Kowane jariri ana haihuwarsa da abin da ke narkar da zaƙin madara a hanjinsa. Yawancin mutane, bayan yaye, abin yakan ragu har ya kusa ƙarewa. Wasu kuma, musamman zuriyar makiyaya, yakan zauna musu har tsufa. Gado ne, ba sabo ba ne. Ko shekara goma za ka yi kana sha, hanjinka ba zai dawo da abin da ya ajiye ba. Nono da kindirmo ba sa damunka ne saboda tsami ya riga ya ci wani kaso na zaƙin. Ka bar ɗanyar madara yau, ka koma cin tuwonka daidai misali."

Wani zai yi hamdala ya tashi. Ban da ƙanena. Ya ce, "To ai shi ne maganata. Su sun gaji abin da ke tsare su, ni ban gada ba."

Likita ya ce mutanen ruga wuni suke yi bayan shanu, ba sa cin abin da muke ci a gari, kuma wanda ya rame ya mutu a daji ba wanda ya auna shi. Ya ce ko gadon madara yana da hannu a cikin sukari da ƙiba, masu bincike ba su gama sani ba, shi ma bai sani ba. Abin da ya sani shi ne ciwon sukari yana bin dangi ta tasa hanyar, ba ya tambayar ciki ko yana shan madara.

Maigandi ya nuna ni da carbinsa. "Ga Yayata nan. Ubanmu ɗaya. Ita tana sha kamar ruwa, dube ta, ko ciwon kai ba ta yi."

Likita ya juyo ya dube ni, ya dubi gorar da ke hannuna, wadda ta sake zama wayam.

"Inna, tun yaushe kike shan ruwa haka?"

Na ce, "Ɗan nan, a bakin wuta nake wuni. Kai ma in ka yi banda za ka sha."

"Idonki yana yin hazo?"

"Hayaƙi ne."

"Tafin ƙafarki fa, yana yi miki kamar ana tsira allura?"

Wa ya gaya masa? Ko Sharifa ba ta sani ba. Na ce ni ba ni na zo ganin likita ba, rakiya na yi, kuma ni ɗiyar Adama ce. Ya ce ya ji, amma tunda na zo, in daure. Ya miƙo mini kwalba. Na karɓa don kada a ce na ji tsoro.

Ya tsoma sabon tsinke. Ban ma gama gyara zama ba launin ya juya, ya yi duhu.

Ba likita na duba ba, Maigandi na duba. Abin da na gani a fuskarsa ba zan manta ba har in koma ga Allah. Sauƙi ne. Kafaɗunsa suka sauka, ya saki wani dogon numfashi wanda ina jin tun ranar maƙabartar Sakkwato yake riƙe da shi. Ciwon gidan Hammadu ya ɗauki nasa, kuma ba shi ba ne. Ƙiftawar ido ne kawai, sai ya ga na gani. Ya rufe fuska da hannu biyu ya zame daga kujera, yana cewa, "Yaya, Yaya, wallahi ba haka ba ne." Na ce, "Tashi, kana ba mu kunya." Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma da ni ce na ɗauki ƙafar nan ina yarinya, ban san irin numfashin da zan saki ba.

Jini ya tabbatar da abin da tsinke ya nuna. Likita ya ce ciwon ya daɗe a jikina. Ya ba ni ƙwayoyi, ya hana ni abin da ya hana, ya ce a kula da ƙafafuna fiye da fuskata, ko ƙwarzane ne kada a raina shi.

Maigandi ya bar madara, cikin 'yan makonni ya murmure, ogansa ya daina maganar wani direba. Na ɗauka tsoron zai bar shi ya huta. Ina! Wuri kawai ya sauya. Duk ranar da ba aiki sai ga shi a Argungu. Ya sayo mini takalmin roba rufaffe, ya ce ba ni ba taka ƙasa a wurin gyaran kifi. Ya share tsakar gidan da kansa yana tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗebo ruwan ɗumi, ya zaunar da ni a kujera 'yar tsugune, ya wanke mini ƙafa, ya buɗa tsakanin yatsu yana dubawa. Ina zaginsa yana yi. Maganar abin da na gani a fuskarsa kuwa, daga ni har shi ba wanda ya ƙara tayar da ita.

Likita ya koya masa wani gwaji. Zai ce in rufe ido, ya taɓa yatsun ƙafata da zaren tsintsiya, in faɗi inda na ji. Asabar ɗin da ta wuce ya zo kamar kullum, ya wanke, ya goge, ya ce in rufe ido. Na rufe. Na ji ta hagu, babba da ƙarama, na faɗa. Ya koma ta dama. Ina jira ya taɓa, ina jira, sai na ji muryarsa ta yi ƙasa.

"Yaya, kin ji?"

Na ɗan buɗe ido kaɗan. Zaren yana kan babban yatsa, ya danna shi har ya lanƙwashe. Shi kuma ya ɗago kai yana dubana, irin duban da ya yi mini ranar da ya dawo daga maƙabarta.

Na ce, "Na ji mana. Cire mini, kana yi mini cakulkuli."